Umma ta aike ni in gano mata surukai a tsibiri, na dawo mata da ƙarya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida Anti mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu, manya da ƙanana. Allah ya ƙara rufa mana asiri. Anti, don girman Allah ki goge sunana kafin ki saka wannan, domin mu Hausawan birnin Guangzhou na ƙasar China ba mu kai yawan da mutum zai ɓuya a cikinmu ba. Ko tari kika yi a unguwar Xiaobei da safe, kafin la'asar an yi miki sannu daga Kano. Ku kuma masu sharhi, na san bakinku, kullum ina karanta ku. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don ni ma ban bar kaina na huta ba.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, shekarata bakwai a ƙasar nan. Maigidana yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, yana saya wa 'yan kasuwar gida kaya ya loda musu a kwantena. Ni kuwa ba na fita sai cefane ko asibiti. Ƙanina, wanda zan kira Auta tunda haka nake kiransa, shi ma yana nan yana aiki da maigidana. Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Ni na goya shi lokacin da Umma take jinyar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ni na koya masa Fatiha, ni nake raka shi aski yana kuka. Duk faɗin ƙasar China ba ni da wani jinina sai shi. Kullum bayan magariba zan ji takunsa a matattakala, ya turo ƙofa yana cewa, "Yaya, yau me aka samu?" Mutum ne mai hankali da amana. Tun asuba yake shiga kasuwar Shahe yana zaɓar kayan sawa na mutane, har 'yan Chinan wajen suna ce masa laoban, wato maigida, alhali bai cika talatin ba.

Aibinsa ɗaya ne, yawo. Duk shekara idan hutun sabuwar shekarar 'yan China ya zo, kasuwanni da masana'antu suka rufe kusan wata guda, masu hankali sai su tafi gida ganin iyaye, wasu su tafi umara. Shi kuwa sai ya jawo wata ƙatuwar jakar goyo mai igiyoyi kamar ta sojan da aka kora, ya tafi Tailan, ƙasar da mu ba mu san ta da komai ba sai buhun shinkafa. Kuma ba wai ya je ya kama otal ya huta kamar mutumin kirki ba. A'a. Daga wannan tsibiri ya tsallaka wancan, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum goma da bai san ubansu ba, ya ci abinci a bakin titi, ya dawo ya yi baƙi ƙirin, dunduniya a faffashe, tsarabar yara kuwa ɓawon katantanwa cike da leda. Na sha tambayarsa, "Auta, wai me kake nema a can? Ruwa ne ba ka taɓa gani ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba za ki gane ba sai kin je." Ni kuwa in ce Allah ya kiyaye.

Ashe da abin da ke kai shi. Bara, ana saura wata biyu hutun, ya zauna a ƙasan kicin ɗina ina tankaɗe, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce akwai wata yarinya. Zan kira ta Salma. Musulma ce, 'yar wani ƙaramin tsibiri a kudancin ƙasar, shekara uku ke nan yana zuwa gidansu, kuma ya yi wa mahaifinta maganar aure. Na ce, "Musulma a Tailan?" Ya ce ƙauyen gaba ɗaya Musulmi ne tun kaka da kakanni. Da ya faɗa wa Umma ta waya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni ta kira daga baya. Ta ce, "Kin san ba a aure sai da bincike. Ni ba zan iya zuwa bayan duniya ba, Kawunku kuma ga ƙafa ta sa shi gaba. Ke ce idona. Ki je ki gano min gidan, ki ga asalinsu, ki ga addininsu, ki ga abin da suke ci da shi. Abin da kika faɗa min, shi zan yi aiki da shi." Maigidana ya amince tunda da muharramina zan tafi. Yara muka bar su wajensa da wata maƙwabciyata, Hajiya 'yar Maraɗi, Allah ya saka mata.

Tun daga shiri muka fara saɓani. Na cika akwati da abin da ya kamata a shiga gidan surukai da shi: atamfa turmi biyu, turaren wuta, humra, dabino. Auta ya kalli akwatin ya ce, "Yaya, wannan ba ya tafiya a can. Bari in ba ki tsohuwar jakata." Na ce ni, matar aure uwar 'ya'ya uku, in goya jaka kamar 'yar firamare? Ko in shiga gidan mutane hannu biyu? Ya ce to. Kuma ya ce babu hanyar zuwa tsibirin su Salma kai tsaye, sai an ratsa wasu tsibirai biyu, don haka yadda ya saba tafiya haka za mu yi. Jirgin saman da ya kama mana ko ruwan sha ba sa bayarwa. Daga nan bas, daga bas wata a-kori-kura mai benci biyu, har tashar jirgin ruwa. A nan tayar akwatina ta farko ta cire a tsakanin katakai.

A wannan tasha na fara ganin mutanen da Auta yake kira abokan tafiya. Jama'a, ban taɓa ganin tarin marasa aikin yi irin wannan ba. Turawa ne galibinsu, samari da 'yan mata, har da masu furfura da ya kamata a ce suna gida suna wasa da jikoki. Kowa ya ɗauki rayuwarsa ya goya a baya kamar jariri, wata jakar kuma a ƙirji, takalmi na reto a gefe. Tafin ƙafa baƙi kamar gindin tukunya. Gashi a cukurkuɗe, wani ya kitse shi ya zama igiyoyi, Allah kaɗai ya san rabonsa da sabulu. Rana ta gasa su sun yi ja kamar tsire, fata na saluɓewa a kafaɗa, amma da sun ga ranar sai su ƙara kwanciya a cikinta. Matan kuwa, abin da mu muke sawa a ciki mu ɓoye ko a igiyar shanya, shi suke yawo da shi a gaban kowa. A cikin jirgin suka bazu a ƙasa kamar kayan wanki, wani ya miƙe ƙafa saitin fuskata yana ɗaukar yatsunsa hoto da teku. Yatsun ƙafa fa! Wa zai tura wa? Uwarsa? Abin da ya fi ƙona min rai, na ga wani dogo riƙe da wayar da za ta sayi fili a garinmu, ya tsaya yana ja-in-ja da wata tsohuwa mai sayar da mangwaro a kan 'yan canjin da ko almajiri ba zai sunkuya ya ɗauka ba, da ya ci nasara har da tafawa da abokinsa. Mutum yana da gida, yana da gado, yana da uwa, ya baro su ya zo yana wasan talauci a gaban talakawan gaske. Wannan wace irin rayuwa ce?

A tsibiri na farko Auta ya sama min gado a ɗakin mata na wani masauki. Gadaje masu bene guda shida, kamar na makarantar kwana da na yi, sai dai mu a can ana duba tsabta ranar Asabar. Kowane ƙarfen gado an rataya masa jiƙaƙƙen ɗan kamfai, ƙasa duk yashi, ɗakin na tashin warin safa da man shafawa. Da na zo yin azahar babu inda zan shimfiɗa darduma sai tsakanin gadaje biyu. Wata ta janye jakarta ta ba ni wuri, ba zan ɓoye wannan ba, amma ina sallamewa wata ta matso da waya wai ko zan sake yi ta ɗauka. Da na fito na ce wa Auta, "A nan kake kwana duk shekara?" Ya ce, "Wannan ai mai kyau na zaɓa miki, Yaya." Tsibiri na biyu bai fi na farko ba, sai ƙarin kiɗa da kwalaben giya a bakin ruwa. Shi kuwa sai nuna min yake, ga dutse ya fito daga cikin teku, ga ruwa kore shar ana ganin kifi har ƙasa. Na gani, na yi tasbihi, halittar Allah ba ta da aibi. Amma sai mutum ya zama mahaukacin kasuwa kafin ya kalle ta?

Zuwa tsibirin su Salma a wani dogon kwalekwale mai inji muka shiga. Iska ta taso, ruwa ya dinga ɗaga mu yana bugawa. Na yi amai har sai da babu abin fitarwa, na ɓata hijabina, na ɓata siket, ina salati ina kiran sunan 'ya'yana. Da muka iso ko tsayuwa ba na iyawa. Abin da na fara gani shi ne wata siririyar yarinya da ɗankwali ruwan toka ta shigo ruwa har gwiwa, ta ɗauki gurgun akwatina ta ɗora a ka, ta ce min da Hausar da Auta ya koya mata, "Sannu da zuwa, Yaya." Salma ke nan. Mahaifiyarta ce ta riƙe ni har gida. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, a share tas, ba a shiga da takalmi. Matar nan ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma ta kwantar da ni a kan tabarmarta, ta shafa min wani mai a baya da goshi, ta ba ni ruwan citta mai zafi da cokali kamar jaririya. Da na farka na hango hijabina a kan igiya. Da hannunta ta wanke amaina. Ni da na zo yi musu bincike.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da magariba ta yi na ji kiran sallah, zazzaƙar murya ta dattijo, Salma ta ce min babanta ne, shi ne ladanin masallacin ƙauyen. Hijabina bai bushe ba, sai ta ɗauko min nata kayan sallar, wani farin mayafi mai ɗinkin fure da ke rufe mace daga ka har ƙasa, ta sa min da hannunta ta gyara min haɓa. Muka jeru mu uku, ni da ita da uwarta. Bayan mun idar ta buɗe Alƙur'ani ta karanta Tabara, tana ba kowane harafi haƙƙinsa, har ni da na yi sauka na ji kunyar nawa karatun. Na yi hawaye a cikin mayafin nan. Kwana uku na yi a gidan, babu sallar da ban yi tare da su ba.

Amma a bayan gidan akwai bukkoki shida na gora, kuma da su suke ci. Su wa ke kwana a ciki? Waɗannan dai masu jakar goyon. Gaskiya an kafa allo an rubuta ba a shigo da giya, kuma da idona na ga Salma ta tare wata da ta fito kusan tsirara za ta shiga ƙauye, ta miƙa mata zani ta ce ta ɗaura. Duk da haka, ita ce mai cire zanin gadon da suka kwana a kai ta wanke, ita ce mai soya musu ƙwai da safe, ita ce mai tsayawa tana nuna wa gardi marar riga lokacin tashin jirgi, yana mata wasa tana dariya. Mazan ƙauyen kuma duk zani suke ɗaurawa, har liman. Da na ga Autanmu ya fito ɗaure da zani mai gidan dara, ba takalmi, sai da na kau da kai.

A safiya ta uku na hango shi ya goyo jakar wani Bature daga bakin ruwa zuwa bukka, Baturen na biye da shi yana latsa waya. Da ya dawo ya zauna kusa da ni a gindin kwakwa, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Yaya, ya kika gani?" Na ce mutanen kirki ne. Ya ce, "Na san za ki so su. Kin ga Baban Salma ya tsufa, kuma ba shi da ɗa namiji. Idan an ɗaura, nan zan zauna. Zan ƙara bukka huɗu ta can gefen." Ni duk zatona Guangzhou zai kawo ta, har na fara tunanin kama musu ɗakin da ke ƙasan namu. Na ce, "Ka bar inda ake ce maka laoban, ka dawo ɗan dakon ƙazamai?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan. Baƙi ne fa, kuma halal ne." Da za mu tafi uwar Salma ta ƙulle min busasshen kifi, ta rungume ni tana kuka, tana nuna ƙirjinta tana nuna nawa. Ni ma na yi kukan, kuma wallahi ba na munafunci ba ne.

Kwana biyu da dawowarmu Umma ta kira, ina kicin ina yanka albasa. Ta ce, "To idona, me kika gano?" Ban shirya ƙarya ba, Allah shaida ne, amma da na buɗe baki sai hoton Auta da jakar Bature a baya ya tsaya min. Na fara da masu yawon, na zayyana mata su tas, ƙafafun, tsiraicin, kwalaben da na gani a tsibiri na biyu, ban ce mata ba a gidan su Salma na gan su ba. Na ce gidan masaukin irin waɗannan ne, yarinyar ita ke wanke musu shimfiɗa, maza kuma zani suke ɗaurawa. Umma sai salati take. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro. Ta ce, "Bar wannan duka. Suna sallah?" Na ci gaba da yanka albasa, tana cin idona. Ta ce, "Kina jina? Kin ga suna sallah?" Na ce, "Umma, ni dai kwana ukun da na yi, ban gani ba." Haka na faɗa. Ni da na sa goshina a ƙasa cikin mayafin yarinyar nan. Umma ta ja numfashi ta ce, "Shi ke nan. Allah ya yi miki albarka da kika faɗa min gaskiya. Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke, kada ya ƙullace ki." Albarkar nan har yau tana min nauyi kamar dutse.

Shi kuwa Auta, abin da ta ce masa kawai, hankalinta bai kwanta ba, ya haƙura. Ya yi roƙo, ya sa Kawu ya yi roƙo, ta ƙi ba da dalili. Auta ba mai saɓa wa uwa ba ne. Bai yi faɗa ba, bai daina aiki ba, sai dai ya zama wani mutum daban. Wata goma ke nan. Yana zuwa cin tuwo amma ba ya tambayar me aka samu, ya yi loma huɗu ya wanke hannu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maigidana ya ce sau biyu yana kuskuren kayan mutane, shi da bai taɓa yi ba, har ya tambaye ni ko ciwo yake ɓoyewa, domin shi ma bai san abin da na yi ba. Abin da ya fi kashe ni, ni yake kawo wa kukansa. "Yaya, ke kaɗai kika gan su, ke kaɗai kika san ba ƙarya nake ba." In ce masa ya yi ta addu'a. Wace irin yaya ce wannan? Salma kuma duk Juma'a sai ta turo min saƙon murya, "Yaya, ina kwana, ya yara," da wata Hausa mai karyayyen harshe, ni kuma in mayar mata da fure da alamar addu'a. Ina jin wa'azi a kan shaidar zur, in kashe wayar, in sake kunnawa. Na yi istigfari ba adadi, amma na san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da carbi.

Kuma kada in yaudare ku, tunda na zo faɗin gaskiya. Har gobe raina bai daina ƙyamar wannan rayuwa ba. Idan na hango irinsu a titin Huanshi da jakunkunansu suna duba taswira, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ba na so ƙanina ya ƙare a share wa 'yan gudun gida ɗaki. Ba na so 'ya'yansa su taso suna ganin tsiraici a ƙofar gida kamar ba komai ba, ba su san Hausa ba, ba su san kabarin kakansu ba. Ba na so Umma ta tsufa autanta yana wani tsibiri da sai an yi amai kafin a kai. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma da su na faɗa wa Umma tsakani da Allah, da ban rubuto muku ba. Amma ba su na faɗa ba. Sallar bayin Allah na ɗauke musu. Kuma idan na zauna ni kaɗai na tambayi kaina, tarbiyyar 'ya'yan da ba a haifa ba ce ta dame ni a gindin kwakwar nan, ko kuwa wa zai dinga hawo min bene bayan magariba? Na san amsar, kuma ba ta da kyau.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne, mahaifin Salma ya aiko. Cikin mutunci ya ce ya jira kusan shekara guda, akwai wani ɗan ƙauyensu da ke nema, ba zai ci gaba da riƙe yarinya babu magana daga manya ba. Ya ba Auta zuwa ƙarshen wata mai kamawa, ko a ji daga Umma da Kawu, ko kowa ya kama gabansa. Shekaranjiya Auta ya zo da rana, abin da ba ya yi, ya durƙusa a gabana kamar mai neman gafara. Ya ce, "Yaya, ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan zo nan, mu kira Umma ta bidiyo, ina zaune ke kina zaune. Ba na so ki ƙara komai, ba na so ki yabe su. Ki rantse mata kawai da abin da idonki ya gani. Idan ta ji daga bakinki ta ce a'a, wallahi na haƙura har abada." Na ce to. Me zan ce?

Yau Laraba. Idan na faɗi gaskiya, Umma za ta san 'yar da ta kira idonta ta yi mata ƙarya a kan addinin mutane, ta sa ta zalunci ɗanta wata goma, shi kuma zai ji da kunnensa cewa hannun da yake kawo wa kuka shi ya soke shi, sannan ya tattara ya koma tsibirin, wataƙila ba zai ƙara taka matattakalata ba. Idan na maimaita ƙaryar, a gabansa zan yi, da rantsuwa, kuma ya san na yi sallah a gidan. Idan na ce ba ni da lafiya na gudu, wata zai ƙare a ba wani Salma, ni in ci gaba da zuba masa tuwon da ba ya ci. Na ɗauki waya sau uku zan kira Umma ni kaɗai kafin ranar, ina ganin hotonta sai in ajiye. Ko shi zan fara faɗa wa? Da wane baki? Kuma ko na gyara, akwai hanyar da zan ce ba na son zamansa a can, wani ya ƙara yarda da ni?

Don Allah masu ilimi da iyaye mata da ke wannan shafi, ku zage ni idan kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Kwana biyu ya rage min. Me zan yi?